Makonnin da Mama Take Koyon Yin Shiru

Litinin, da yamma

Mama ta daina zuwa makaranta. Haka ta ce in riƙa faɗa idan an tambaye ni: ta daina. Tun kafin a haife ni take koyar da Turanci a can, yau kuma ta dawo da komai nata a cikin kwalin sabulu: jan biro, ƙamus ɗin da bangonsa ya cire, kofin shayinta, da rular nan ta katako. Malama Rula ɗalibai suke ce mata a bayan idonta. Ta sani. Da har daɗin sunan take ji.

Yaron nan na ajinta yana asibiti har yanzu. Ba zan rubuta komai a kan yaron ba.

Na yi girki, ba ta ci ba. Na shige ɗaki na ci gaba da littafin da ƙawata ta ara min, wanda na lulluɓe da bangon littafin nahawu. An zo wurin da jarumar take kuka a bakin taga, shi kuma jarumin ya tsayar da motarsa cikin ruwan sama, bai ce komai ba, kallonta kawai yake yi. Na maimaita shafin har na kusa haddace shi. Tagarmu bayan shagon mai wanki take kallo. Babu ma inda mota za ta tsaya.

Laraba, bayan la'asar

Anti ta zo, ƙanwar Mama, mai ɗinki. Ita kaɗai ce a duniya take iya yi wa Mama dariya ta kwana lafiya.

Mama ta gaya mata ta shiga wani kwas ta waya, za ta zama koci.

"Koci?" in ji Anti. "Yaya, gajeren wando za ki sa ki rataya usur?"

"Ba ƙwallo ba, sakarai. Kocin harshe. Malama tana tsaye gaban allo, ita ke faɗa, ita ke gyara. Koci kuwa zama take yi da mutum ɗaya. Shi zai faɗi abin da yake so ya iya, ko neman aiki, ko magana da baƙi. Ki yi masa tambaya, ki yi shiru. Ba katsewa, ba gyara, sai ya gama."

Anti ta riƙe ciki. "Wato a biya ki don ki yi shiru? Ke? Ke da ko mai gyangyaɗi ya yi magagi sai kin gyara masa?"

Na yi dariya a cikin mayafina. Mama ta watso min harara, na haɗiye sauran.

Akwai wata mata da take koya musu, ina hango ta a wayar, da tabarau a kan hanci. Mai Tabarau na sa mata. A ƙarshen kwas za ta kalli Mama ta kiran bidiyo tana zama da ɗalibi na gaske, daga nan ne za ta ce ta ci ko ta faɗi. Kafin ranar sai an yi ta gwaji. Kuma a unguwar nan yanzu babu wanda zai turo ɗansa gidanmu.

Mama ta ce, "Ga Auta nan."

Ni ce Auta. Ni ce kuma ta fari, babu wani.

Juma'a, da yamma

Zama na farko. Ta janye teburin tsakiya, ta ajiye kujeru biyu suna fuskantar juna. Ta ɗora rular a saman durowa, can inda sai an taka wani abu. Ta zauna a kan hannayenta, wallahi, ta tura su ƙarƙashin cinyoyinta. Ta yi wani murmushi da ban taɓa gani a fuskarta ba, irin na masu tallan man goge baki.

Ta tambaye ni da Turanci me nake so in iya faɗa.

Ni ina karanta Turanci, ina rubutawa, har yabo ake min. Amma a gaban Mama harshena dutse yake zama. Na buɗe baki, kalma ɗaya ta fito a karkace. Na ga jijiyar wuyanta ta motsa. Na sake, ta sake karkacewa. Ta ja numfashi ta hanci. A na uku ban ga lokacin da hannun ya fito ba.

Bayan hannuna ne kawai. Ba komai. Zuwa jibi kumburin zai sace.

Ta ce, "Ke kika ja. Da gangan kike yi. Zauna, mu sake."

Asabar, da hantsi

Baban yaron ya zo. Bakanike ne, da kayan aikinsa a jikinsa duk baƙin mai, da wasu mutum biyu a bayansa. Da ƙarfe yake dukan ƙofar gida, kowane bugu sai na ji shi a haƙorana.

"Fito! Malama, ki fito ki doke ni, ni ne daidai ke! Yaro ƙarami, don bai iya harshen da ba na ubansa ba? Har yau bai buɗe idon ba! Fito!"

Mama ta tsaya a bayan ƙofar falo riƙe da dutsen guga. Ta ce in shige ƙarƙashin gado. Ban kai ba, dutse na farko ya shigo ta taga. Na biyu ya samu agogon bango. Gilashi har cikin kwanon abinci. Ina jin mai wanki yana ba shi haƙuri, "Haba, maigida, mata ne kawai a ciki," sai na ji ƙarar faɗuwa, mai wankin ya yi shiru. Daga baya na ga leɓensa a fashe.

Da suka tafi, Mama ta daɗe a tsaye, dutsen gugar yana hannunta. Sai ta ce, "Tsaye kike? Ɗauko tsintsiya."

A littafi a nan ne Shi yake zuwa, ya tare ƙofa da kafaɗarsa, ya ce wanda ya isa ya matso.

Lahadi, da safe

Na sake sharewa. Har yanzu gilashin yana shiga ƙafa.

Talata, da yamma

Mama ta wuni a ofishin 'yan sanda. Ta dawo idonta jajir, ko mayafi ba ta cire ba ta jawo kujerun. Na ce, "Mama, ki huta tukuna." Ta ce Mai Tabarau tana jiran rahoton zama, zauna.

Ta manta ba ta zauna a kan hannayenta ba.

Na faɗi a banɗaki. Santsi ne. Kaina ya bugi bango ta ɓangaren hagu. Na faɗi a banɗaki.

Laraba, da asuba

Akwai wani ƙara a cikin kunnena na hagu, kamar rediyon da ba ta kama tasha ba. Na juya matashin kai don kada a ga tabon.

Alhamis, bayan azahar

Anti ta kawo leda mai kauri ta toshe mana tagar. Ina kicin, suna falo, da kunnen dama nake jin su.

"Yaya, ki kama kanki. Lauyanki ya ce kafin a gama maganar nan, idan aka ji hannunki ya sake taɓa ko ɗan kyanwa, rufe ki za su yi. Masu kwas ɗin ma goge sunanki za su yi. Daga nan sai me? Wanki za ki koma?"



Anti ta leƙo kicin. "'Yar gidana, me ya sa kike karkata kai kamar kazar da ta hango shaho?"

Na ce wuyana ne, kwanciya na yi ba daidai ba.

To, ga yadda abin yake. Idan na je asibiti, za a tambaye ni me ya same ni, kuma likita ba Anti ba ne da zai yarda da wuya. Idan na faɗa, Mama ta rasa wannan aikin kamar yadda ta rasa wancan, wataƙila har da abin da ya fi aiki. Idan ban faɗa ba, kunne ne kawai. Ina da wani.

Asabar, da yamma

Baba ya kira daga kan hanya, babbar motarsa ta lalace a wani gari, bai san ranar dawowa ba. Na kara wayar a hagu kamar kullum. Na yi ta cewa "Hello, Baba, hello," na ɗauka layi ne. Da na mayar dama, sai ga muryarsa tar, yana ta magana tun ɗazu.

"Autar Baba, lafiya dai ko? Ki riƙa taimakon mamanki, tana cikin wani hali. Ki yi mata biyayya."

Na ce lafiya lau.

A littafin, kullum a kunne yake yi mata raɗa. Na koma baya na duba ko'ina. Ba a taɓa faɗin wanne kunnen ba.

Litinin, bayan an tashi daga makaranta

Malamin lissafi ya kira ni, ban ji ba. Ya sake kira. Aji duka suka juyo. Ya ce raini ne, 'yar malama ce shi ya sa. Bulala a tafin hannu.

A hanya kuma yayar yaron da ƙawayenta suka tare ni a lungun bayan kanti. "Ga 'yar Malama Rula! Ina rular? Ke ma kin iya?" Ɗaya ta fizge jakata ta zazzage a kwata, ɗaya ta shaƙe ni da mayafina har na ga duhu-duhu. Ban rama ba. Hannuna duka biyu na sa na rufe kunnen, suka samu ko'ina ban da nan. Yayar tana duka tana kuka. Wannan ne ya fi tsaya min.

Littafin ƙawata ya jiƙe. Na shanya shi a bayan tukunyar ruwa.

Mama ta ga wuyana, ta ce wa ya yi min haka. Na gaya mata. Ta zari mayafi za ta fita, ta kai ƙofa, ta tsaya. Ta dawo ta ɗauko man zafi ta shafa min, a hankali, ba ta kalli fuskata ba. Tana dab da kunnen. Na riƙe numfashi. Ba ta tambaya ba.

Laraba, da yamma

Yau an yi zama mai kyau. Dole in rubuta wannan ma.

Ta ce in ba ta kowane labari. Sai na ba ta labarin littafin, na ce wata ce a ajinmu ta ba mu. Na rufe ido. Da na rufe ido, sai Turancin ya zo da kansa, a karkace amma yana zuwa. Na faɗi ruwan sama, na faɗi motar. Na san ina zuba kurakurai kamar tsakuwa a shinkafa, ina jiran hannun, bai zo ba. Da na buɗe ido, ta ciji leɓenta har ya yi jini, gumi a goshinta, hannayen suna ƙarƙashinta.

Ta ce, da Hausa, "Sai me ya faru? Ya aure ta?"

Na ce ban kai wurin ba tukuna. Sai na gane na tona kaina. Ta dube ni, ta dube ni, sai ta yi wata 'yar dariya ta hanci.

Ina son Mama. Ina so a san wannan.

Juma'a, da safe

Zazzaɓi. Abin da yake fitowa yanzu ba ja ba ne, kuma yana wari. Na cusa auduga, na ja ɗankwali.

Asabar, da yamma

An sake jifa, ɗaya kawai, a kan rufin kwano. Ba mu fita ba.

Litinin ne gwajin. Mama ta tsorata. Ta rubuta min abin da zan faɗa tun daga gaisuwa har sallama: wai ina so in zama likita, ina so in iya magana da marasa lafiya daga ƙasashe daban-daban. Ta ce in haddace.

Na ce, "Mama, ba ni ce zan faɗi abin da nake so ba?"

Ta ce, "Abin da kike so ke nan."

Muka yi ta bita. Duk inda na tsallake, sai ta buga tafin hannunta a kan kujera, a kan kujera kawai, amma kowane bugu sai ya soke ni har cikin muƙamuƙi. Ta sauko da rular. Ta riƙe ta kawai, ta ce tana taimaka mata tunani. Kafin magariba ta daina taimaka mata tunani.

Gwiwa ce da kafaɗa. Riga tana rufewa.

Lahadi, da rana

Na haddace. Ko a mafarki aka tashe ni zan zama likita.

Litinin, bayan la'asar

Wannan ma sai na rubuta.

Mama ta goge falo, ta sa labule ya rufe ledar taga, ta jingina wayar a kan ƙamus, a haguna. Mai Tabarau ta fito, ta gaishe mu. Mama ta zauna a kan hannayenta, ta yi murmushin nan, ta yi tambaya. Na kwararo haddata ba tuntuɓe ko ɗaya. Na ga Mama tana gyaɗa kai.

Sai na ga bakin Mai Tabarau yana motsi. Na juya kaina gaba ɗaya don in ba ta kunnen dama. Cewa take, cikin ladabi, wannan karatu ne ba zance ba, an ga an shirya. Ta ce wa Mama, "Ki ajiye wannan. Ki yi mata tambaya ɗaya wadda ke kanki ba ki san amsarta ba. Sannan ki yi shiru, komai daɗewa, komai ta faɗa."

Mama ta rasa tambaya. Duk shekarun nan ba ta taɓa tambayar ɗalibi abin da ba ta riga ta san amsarsa ba. Ta kalli bango, ta kalli ƙasa, ta kalle ni ina karkace kamar yadda nake, sai ta ce da Turanci, don dai ta ce wani abu:

"Me ya sa kike ta juya kai?"

Ta yi shiru.

Na jira ta ƙarasa min, kamar kullum. Ba ta ƙarasa ba. Na jira ta ce in yi sauri. Ina jin firij yana ƙugi, ina jin rediyon nan na cikin kaina. Amsar banɗaki tana kan harshena, na san ta da kowane harshe. Amma ban taɓa ganin Mama tana jirana ba, ni, da idonta duka biyu, babu inda za ta je. Shirun ya yi tsawo har ya fi ƙarfina.

Na ce kunnen nan ba ya ji. Na ce tun ranar da ta dawo daga wurin 'yan sanda. Na ce yana ruwa, yana wari, ba na barci. Na ce ba na so in zama likita, ina so in ga likita. Na ce na yi shiru ne don kada a tafi da ita. Turancin duk a karye, na ji kuskuren da kunnena ɗaya, babu wanda ya gyara. Na cire ɗankwalin, na zaro audugar.

Sai hannunta ya fito daga ƙarƙashinta.

Ban yi shawara ba. Na ga kaina a ƙasa, a dunƙule, hannayena a kan kaina, ina cewa "Yi haƙuri, yi haƙuri." A gaban wayar.

Ashe ba ni za ta doka ba, wayar za ta kashe.

Ta shiga kicin. Na ji faranti na farko, na biyu, sannan duka. Kofin shayinta. Tukunya a bango. Daga nan wani sauti maras ƙara, dum, dum, dum, ya ƙi tsayawa. Na rarrafa na leƙa. Bango take duka da hannun dama, akwai jini a fenti, ba ta kuka. Na ce "Mama." Ba ta ji ba. Na fita da gudu babu takalmi, na ce wa mai wanki ya kira Anti.

Talata, da yamma

Asibiti. Anti ce ta kai mu, ni da kunne, Mama da hannu a naɗe.

Likitan ya leƙa da 'yar fitilarsa, ya daɗe. Ya ce dodon kunnen ya fashe, kuma an bar shi har ya yi mugunya. Zai ba da magani, wani abu daga cikin jin zai iya dawowa, amma ba zai yi alkawari ba. Sai ya ajiye fitilar ya ce, "'Yammata, me ya same ki?"

Anti ta taka min ƙafa a hankali. Na ce, "A banɗaki na..."

"Ni na mare ta," in ji Mama.

Anti ta ce, "Yaya!"

"Ni ce. Ka rubuta haka."

Ya rubuta. Ya fita ya dawo da wata mata mai jakar takardu, ta shiga wani ɗaki da Mama, suka rufe ƙofa. Anti ta zauna a benci tana share ido da gefen mayafi, tana zagin Mama ƙasa-ƙasa, tana zagin Baba, tana zagin Turancin gaba ɗayansa.

Mai Tabarau ta turo saƙo. Mama ta karanta ta kife wayar. Ban tambaya ba.

Alhamis, da hantsi

An ce zan zauna wurin Anti sai an ga yadda hali ya yi. Mama kuma gobe za ta koma wurin 'yan sanda, da lauya, da ƙaramar jaka.

Ita ta haɗa min kaya da hannu ɗaya. Ta rako mu har ƙofar gida. Anti ta riga ta shiga tasi tana cewa direba ya yi haƙuri. Na sunkuya zan ɗauki jakata, sai na ga bakin Mama yana motsi. Tana haguna.

Na ajiye jakar. Na juyo gaba ɗaya, na ba ta na dama, na ce, "Na'am, Mama?"

Ta buɗe baki. Ta kalli audugar. Ta rufe.

Na tsaya. Direba ya danna oda, Anti ta ce ya bari. Na tsaya har rana ta fara cin ƙeyata.

Ta kasa maimaitawa.